Gina Manajan Tagogi Naka na Kanka a Linux: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga ɗalibai da masu koyon rubuta manhaja a nan Kaduna, musamman waɗanda suka girka Linux a tsohuwar laftof, suka ɗanɗana manajan tagogi irin i3 ko dwm, sannan sha'awar rubuta nasu ta kama su. An fara da masu sauƙi, an gangara zuwa waɗanda sai mutum ya soma aikin suke taso masa.

Mene ne manajan tagogi, kuma me ya raba shi da GNOME ko KDE?

A tsarin X, wato tsarin da ke nuna tagogin manhajoji a allo, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta X11 kuma ta fito a 1987, aikin a rabe yake. Sabar X ce take riƙe da allo da kibod da maus. Kowace manhaja, burauza ce ko taminal, ita take zana abin da ke cikin tagarta. Manajan tagogi shi ne na uku, kuma aikinsa kamar na sarkin kasuwa ne: ba ya sayar da komai, ba ya leƙa kayan kowa, iyakarsa ya ce wannan rumfar taka ce, ga faɗinta, ga inda ta tsaya. Shi yake yanke inda taga za ta zauna, girmanta, wadda za ta hau kan wata, da wadda rubutun kibod zai shiga.

GNOME da KDE kuwa gari guda ne. A cikinsu akwai manajan tagogi, Mutter a GNOME, KWin a KDE, amma akwai kuma mai kula da fayiloli, da saituna, da sanarwa, da allon kulle, da sauran tarkace masu yawa. Abin da muke magana a kai a nan shi ne wannan yanki guda ɗaya kawai.

Ga dwm, ga i3, ga Openbox, duk kyauta. Me zai sa in wahalar da kaina?

Idan buƙatarka ita ce kwamfuta ta yi aiki gobe da safe, girka i3 ka huta. Michael Stapelberg ya fara shi a 2009, bayanansa a rubuce suke tsaf, kuma ba zai ba ka kunya ba. Ba na ƙarfafa wa kowa rubuta nasa don kawai a ce ya rubuta.

Dalili biyu na gani da suka isa. Na farko ilimi ne. Manajan tagogi yana cikin ƙananan manhajojin da mutum ɗaya zai iya riƙe su gaba ɗaya a ka, kuma ya yi amfani da abin da ya rubuta tun daga buɗe kwamfuta har rufe ta. Mai koyon yaren C da ya gaji da darussan lissafin maki da jera lambobi zai sami aiki na gaske a nan, wanda kuskurensa yake bayyana a gaban ido nan take. Na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurina: kowane manaja da ke akwai an rubuta shi ne don ya gamsar da dubban mutane, kai kuwa mutum ɗaya za ka gamsar. Kafin ka rubuta layi ko ɗaya, ɗauki takarda ka lura da yadda kake aiki na mako guda. Mafi yawanmu za mu tarar burauza ce, da taminal, da wurin rubutu, da mai buɗe PDF. Abin da wannan takarda ta nuna, shi za ka gina. Abin da bai shiga cikinta ba, kada ya shiga kod ɗinka, ko da ka ga wani ya yi shi ya burge ka.

Da gaske zai sa tsohuwar laftof ta yi sauri?

Zai taimaka, amma kada a yi maka romon baka. Laftof ta hannu irin wadda ake samu a shagunan titin Ahmadu Bello, mai RAM gigabait 4, za ta numfasa idan aka sauke mata GNOME, domin ƙaramin manaja megabait kaɗan yake ci, kuma idan ba ka taɓa komai ba yana zaune ne shiru yana jiran saƙo. Fanka takan rage kuka, batir yakan ƙara jimawa. Sai dai babban mai cin RAM burauza ce, kuma ita ba ruwanta da wane manaja ka sa. Wanda ya buɗe shafuka ashirin a Chrome zai ji nauyinsu ko a ina yake.

In rubuta don X11 ko don Wayland?

Fara da X11. Wayland, sabon tsarin da aka yi don ya maye gurbin X11, wanda Kristian Høgsberg ya soma a 2008, shi ne inda manyan rabe-raben Linux suka dosa, Fedora ma tun 2016 ta mayar da shi na farko a GNOME. Amma a Wayland babu rabon aikin da na bayyana a amsar farko. Manhajarka ce za ta zama sabar, ita za ta haɗa hotunan tagogi ta kai su allo, ita za ta karɓi kibod da maus. Laburaren wlroots yana ɗauke maka kaso mai yawa na wannan, a kansa aka gina manajojin sway da dwl, kuma yana zuwa da ƙaramin misali mai suna tinywl. Duk da haka aikin ya ninka na X11, kuma laburaren yana canzawa daga siga zuwa siga, sai ka riƙa bin sa da gyara.

A X11 kuwa TinyWM na Nick Welch layi kusan 50 ne na C, kuma yana matsar da taga, yana canza girmanta. Wanda ya fahimci yadda ake tafiyar da tagogi a nan, idan ya koma Wayland daga baya rabin tunanin yana hannunsa.

Wane yare zan yi amfani da shi, kuma me zan girka?

C da laburaren Xlib. Ba don sun fi kowa kyau ba, sai don misalan da za ka karanta da su aka rubuta. Akwai XCB, wanda ya fi Xlib kusa da ainihin yarjejeniyar X, i3 da bspwm da shi suke aiki, amma ga mai farawa ya fi yawan rubutu. An rubuta xmonad da Haskell, Qtile da Python, don haka ƙofa a buɗe take idan hannunka ya fi faɗawa a wani yare.

A Debian ko Ubuntu ka girka `build-essential`, `libx11-dev`, `xinit`, `xserver-xephyr`, `x11-utils`, `xterm` da `dmenu`, ƙaramar manhajar da ake buɗe sauran manhajoji da ita ta hanyar rubuta sunansu. Ba su da nauyi, ba za su cinye maka data ba. Sannan ka sauko da kod ɗin TinyWM da na dwm. Shi dwm, wanda Anselm Garbe ya fitar a 2006, masu shi sun ɗaura wa kansu kada ya wuce layi 2000 ko kusa da haka. Karanta shi a natse da biro a hannu. Kada ka kwafa. Ka fahimci dalilin kowane layi, domin da yawansu maganin wata matsala ce da kai ma za ka ci karo da ita.

Ta yaya manhaja take zama manajan tagogi tun farko?

Babu wani izini na musamman. Manhajarka za ta haɗu da sabar X da `XOpenDisplay` kamar kowace manhaja, sannan ta nemi `SubstructureRedirectMask` da `SubstructureNotifyMask` a kan uwar tagogi, wato babbar tagar da ta rufe allo duka, wadda sauran suke zaune a cikinta. Sabar X manhaja ɗaya tak take bai wa wannan dama a lokaci guda. Idan wani manaja ya riga ka, za a dawo maka da kuskuren `BadAccess`, kuma da haka ne ake gane cewa akwai wani a kan kujerar.

Da zarar ka samu, duk manhajar da ta so nuna taga, sabar ba za ta nuna ba, sai ta aiko maka da `MapRequest`. Duk wadda ta so matsawa ko canza girma, sai `ConfigureRequest` ya zo maka. Kai ne za ka amince, ko ka gyara, ko ka ƙi. Sauran aikin zagaye ne guda ɗaya da ba ya ƙarewa: `XNextEvent` ya kawo saƙo, ka duba irinsa, ka miƙa shi ga aikin da ya dace. Saƙonnin da za ka fara da su ba su da yawa: waɗancan biyu, da `UnmapNotify`, `DestroyNotify`, `KeyPress`, da `EnterNotify` idan kana so kibod ya riƙa bin maus.

Abu ɗaya da masu farawa suke mantawa: idan ka karɓi `MapRequest` ba ka kira `XMapWindow` ba, tagar ba za ta taɓa fitowa ba. Sai ka ga baƙin allo, ka ɗauka komai ya lalace, alhali manhajar tana nan tana jiran ka buɗe mata.

Yaya zan gwada shi ba tare da na kulle kaina a baƙin allo ba?

Da Xephyr, sabar X ce da take buɗewa a matsayin taga a cikin teburin da kake kai. Rubuta `Xephyr :1 -screen 1280x720 &`, sannan `DISPLAY=:1 ./manaja &`, sannan `DISPLAY=:1 xterm`. Idan manajanka ya faɗi, wannan tagar kaɗai abin ya shafa. Ka riƙe `xev` don ganin saƙon da kowane maɓalli yake haifarwa, da `xprop` don karanta bayanan da taga ta rataya wa kanta. Kuma tun yau ka haddace Ctrl da Alt da F2 ko F3: su ne suke kai ka taminal na asali ranar da allo ya daskare.

Jeri ko shawagi, wanne ya fi?

A tsarin shawagi tagogi suna hawa kan juna, kana jan su da maus, kamar yadda aka saba a Windows. A tsarin jeri manaja ne yake raba allo, babu wadda take rufe wata. Jeri ya fi sauƙin rubutawa fiye da yadda ake zato, lissafi ne na firamare. Tsarin dwm na asali yana bai wa babbar taga kashi 55 cikin ɗari na faɗin allo, sauran su jeru a gefe. A allo mai 1366 da 768, wanda shi ne a yawancin tsofaffin laftof ɗinmu, babbar za ta sami 751, na gefe su raba tsawon 768 a cikin faɗin 615.

Ra'ayina shi ne a irin wannan ƙaramin allo, taga uku a jere sun riga sun yi yawa. Tsari biyu sun ishe ka: taga ɗaya ta cika allo, ko biyu gefe da gefe, takardar da kake karantawa a hagu, abin da kake rubutawa a dama. Amma ko ka zaɓi jeri, dole ka bar wa wasu tagogi damar shawagi. Duba amsar da ta yi magana a kan ƙananan akwatunan tambaya.

Maɓallaina suna aiki, sai kawai su daina. Me ke faruwa?

Duba fitilar Num Lock ko Caps Lock. `XGrabKey` yana kama maɓalli ne tare da ainihin haɗin da ka ba shi. Idan ka nemi Super da Return, sannan Num Lock yana kunne, a wurin sabar wannan wani haɗi ne dabam. Magani shi ne ka kama kowane maɓalli sau huɗu: shi kaɗai, da `LockMask`, da alamar Num Lock wadda galibi `Mod2Mask` ce, da su biyun tare. Idan saƙo ya zo kuma ka share waɗannan alamomi kafin ka kwatanta. Ka ɗora umarninka a kan Super, wato `Mod4Mask`, maɓallin nan mai tambarin Windows, domin manhajoji da yawa suna amfani da Alt.

Ga mu masu rubutu da Hausa akwai ƙari. Don samun ƙ da ɗ da ɓ, wasu suna sauya kibod da `setxkbmap ng -variant hausa`, wasu suna saita maɓallin haɗa haruffa su rubuta nasu dokokin a fayil ɗin `.XCompose`. Idan kana sauya tsarin kibod a tsakiyar aiki, sabar za ta aiko da `MappingNotify`. Ka amsa shi da `XRefreshKeyboardMapping`, ka saki maɓallan da ka kama, ka sake kama su. Wanda ya yi biris da wannan saƙo zai iya tarar da umarninsa ya koma wani maɓalli bayan ya sauya zuwa Hausa.

Yaya ake rufe taga yadda ya kamata?

A nan gizo yake saƙar, kuma a nan ne nake roƙon kowa kada ya yi gaggawa. Hanya mafi sauƙi ita ce `XKillClient`, layi ɗaya, taga ta ɓace. Amma wannan yanke wa manhaja igiya ne ba sallama. Ɗalibar da take rubuta babi na uku na aikin kammala karatu a LibreOffice, ta danna rufewa bisa kuskure, ba za a tambaye ta ko ta adana ba.

Ƙa'idar ICCCM, wadda ta tsara yadda manaja da manhajoji za su yi mu'amala, ta tanadi hanya. Ka karanta `WM_PROTOCOLS` na tagar. Idan `WM_DELETE_WINDOW` yana ciki, ka aika mata `ClientMessage` mai ɗauke da shi, ka bar ta ta rufe kanta, ta yi tambayar da za ta yi. Sai wadda ba ta san wannan hanya ba, ko wadda ta daskare, za ka yanke wa igiya, kuma gara ka ware wa wannan wani maɓalli mai wuyar dannawa. Ƙanƙantar manaja tana zuwa ne daga rage kwalliya da abubuwan da ba ka buƙata. Layukan kod ɗin da ke yin wannan rufewar ba sa cikin abin ragewa.

Manajan yana mutuwa haka kawai idan na rufe taga da sauri. Laifin wa?

Xlib ba ya jiran amsar kowace buƙata kafin ya wuce. Kana iya aika umarni ga taga alhali ta riga ta mutu, saƙon mutuwarta yana kan hanya. Sabar ta dawo da `BadWindow`, mai karɓar kuskure na asali kuma abin da ya sani shi ne ya buga saƙo ya kashe manhajar. Saka naka da `XSetErrorHandler`, ka yi watsi da `BadWindow`, ka rubuta sauran a fayil don ka duba daga baya. Ka tabbata kuma kana cire taga daga jerinka idan `DestroyNotify` ya zo, kana mayar da kibod ga wata da `XSetInputFocus`.

Wani abin da ke taruwa a ɓoye shi ne gawarwakin manhajojin da ka buɗe da `fork`. Idan ba ka kula da siginar `SIGCHLD` ba, za ka gan su jere a `ps` ba su tafi ba.

Ƙananan akwatunan tambaya suna cika allo, bidiyo kuma ya ƙi cikawa. Ina gyaran yake?

Iri uku ne. Jerin zaɓi da ke saukowa idan ka danna dama, da ɗan bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin maus, suna ɗauke da alamar `override_redirect`, ma'ana ba ruwan manaja da su. Kada ka saka su a jerinka. Akwatin adana fayil ko na tambayar tabbaci yakan zo da `WM_TRANSIENT_FOR` ko `_NET_WM_WINDOW_TYPE_DIALOG`. Waɗannan ka bar su su yi shawagi a tsakiya da girman da suka nema.

Cika allo kuwa na ƙa'idar EWMH ne, wadda ta zo ta ƙara a kan ICCCM. Burauza tana aiko da saƙon `_NET_WM_STATE_FULLSCREEN`, kai kuma ka cire wa tagar iyaka, ka shimfiɗa ta a allo duka, ka rubuta mata cewa an yi. Ka kuma sanar da abin da ka iya a `_NET_SUPPORTED`. EWMH tana da tsawo, ba sai ka cika ta duka ba. Ka ɗauki abin da manhajojin da ka lissafa a takardarka tun farko suke nema.

Masu amfani da manhajojin Java irin su NetBeans sukan ga taga fari fat ko toka-toka babu komai a ciki. Saka `export _JAVA_AWT_WM_NONREPARENTING=1` a `.xinitrc`, fayil ɗin umarnin da ake gudanarwa idan X ya tashi, yakan warware ta.

Yaya ake yin fage-fage, wato burauza a na 1, taminal a na 2?

Sabar X ba ta san wani abu wai shi fage ba. Lamba ce kawai da kake rataya wa kowace taga, ka nuna masu lambar da ake kai, ka ɓoye saura. Ɓoyewa iri biyu ce. Ko ka kira `XUnmapWindow`, amma sai `UnmapNotify` ya dawo maka, kuma idan ba ka riƙe lissafin waɗanda kai ka jawo ba, za ka ɗauka manhajar ce ta rufe tagarta ka share ta daga jeri. Ko ka bi dabarar dwm, ka tura tagar can hagu wajen allo inda ido ba ya kaiwa. Ta biyun ta fi sauƙi ga mai farawa. Kuma ba dole ne su zama tara ba don kawai kibod yana da lambobi tara. Huɗu sun ishi yawancin mutane.

Ina zan ga agogo da batir?

A garin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, sanin abin da ya rage a batir ba ado ba ne. Linux yana ajiye adadin a `/sys/class/power_supply/BAT0/capacity`, a wasu injinan BAT1, fayil ɗin `status` da ke kusa da shi kuma yana gaya maka ko caji yake shiga. dwm yana nuna sunan uwar tagogi a sandarsa, don haka ɗan rubutun shel da ke kiran `xsetroot -name` ya wadatar. Kai ma kana iya bin wannan, ko ka bar wa wata manhajar sanda irin polybar aikin, amma ita za ta buƙaci ka ware mata wuri a saman allo.

Kada ka sa shi ya riƙa dubawa kowace daƙiƙa, yana tayar da injin a banza. Sau biyu a minti ya isa. Abin da na fi ba da shawara shi ne gargaɗi mai ƙarfi idan batir ya sauka ƙasa da kashi 10, ko da canza launin iyakar taga ne zuwa ja. GNOME ne yake yi maka wannan a da, yanzu kuwa babu mai yi sai kai, kuma batirin laftof ta hannu yakan faɗi daga 15 zuwa sifili ba tare da ya bi ta tsakiya ba.

Idan na haɗa majigi ko allo na biyu fa?

Idan gabatar da aiki ne a aji, `xrandr --output HDMI-1 --auto --same-as eDP-1` ya isa, allon biyu su nuna abu ɗaya. Sunayen sukan bambanta, tsofaffin injina suna da VGA-1 da LVDS-1. Rubuta `xrandr` shi kaɗai ka ga naka. Ka dai saurari `ConfigureNotify` a kan uwar tagogi don ka sake lissafin jeri idan girman allo ya canza. Raba tagogi tsakanin allo biyu da Xinerama ko RandR aiki ne babba, kuma idan ba ka da allo na biyu a teburinka, bar shi.

Yaushe zan koma amfani da shi kullum?

Ranar da ya iya abu biyar: buɗe taminal, buɗe dmenu, sauya taga, rufe taga ta hanyar da aka bayyana a sama, da tsallake `BadWindow`. Ka saka shi a layin ƙarshe na `.xinitrc`, ka shiga da `startx`. Ka sani cewa idan ka rubuta `exec manaja` kuma ya faɗi, zaman X gaba ɗaya zai rufe da duk abin da ka buɗe. A makonnin farko gara ka sa shi cikin zagayen `while`, ya faɗi ya tashi, tagoginka suna nan. Don wannan ya yi aiki, dole manajan ya kira `XQueryTree` idan ya tashi, ya karɓi tagogin da ya tarar a buɗe. Da wannan kuma za ka iya ware maɓallin da zai sake tayar da shi bayan ka harhaɗa sabon kod, ba tare da ka rufe burauza ba.

Ka bar i3 ko teburinka na da a girke, don ranar jarrabawa ko ranar da aikin wani yake hannunka. Ka ajiye kod ɗin a git, ka tura kwafi wani wuri da ba wannan laftof ɗin ba. Sannan ka buɗe fayil guda da za ka riƙa rubuta duk abin da ya ba ka haushi a cikin aiki. Wanda ya sake bayyana bayan mako guda, shi za ka zauna ka rubuta wa kod.